KALMAR "TIRTA" DA RIGIMAR DUTSEN PARASNAT A ƘASAR INDIYA

Ran 3 ga watan Janairu na shekarar 2023, wani dattijo mai zuhudu daga cikin mabiya addinin Jaina, mai suna Sugyeyasagar, ya rasu a Sanganer kusa da birnin Jaifur na ƙasar Indiya, yana da shekara 72, bayan da ya ƙaurace wa abinci kwana da kwanaki. Abin da ya sa ya ɗauki wannan alwashi kuwa shi ne wani dutse da ke can Jihar Jharkhand, tafiyar ɗaruruwan mil daga inda yake zaune. Sunan dutsen Parasnat, Jainawa kuma suna ce da shi Sammed Shikharji. Tun cikin watan Disamba na 2022 dubban 'yan'uwansa suka yi ta fita kan tituna a Delhi da Mumbai da Ahmadabad da sauran birane, suna neman Gwamnati ta janye takardun da suka sa dutsen cikin jerin wuraren yawon buɗe ido. Kwana biyu da rasuwar dattijon, sai Gwamnatin Tarayyar Indiya ta ba da umurni a dakatar da duk wani shiri na yawon buɗe ido a wurin, ta kuma jaddada hana sayar da giya da nama da hana kaɗe-kaɗe da lasifika a kan dutsen.

Mai karatu zai iya tambaya, shin mene ne aibin a gyara hanya, a gina masauki, baƙi su riƙa zuwa suna kashe kuɗi, mutanen ƙauyukan da ke kewaye su samu abin sawa a bakin salati? Tambaya ce mai kyau, amma ba za a iya amsa ta ba sai an koma kan wata kalma guda ɗaya ta harshen Sanskirit, watau tirta, wadda waɗansu ke rubutawa tirtha. Takardun Gwamnati sun ce dutsen wurin yawon buɗe ido ne, Jainawa kuwa suka ce tirta ne. Daɗin daɗawa, mabiya addinin Hindu, waɗanda su ne kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen Indiya, su ma suna da wannan kalma, amma abin da suke nufi da ita ya sha bamban da abin da Jainawa ke nufi. Wannan bambanci shi ne za mu bi diddiginsa a yau.

ASALIN KALMAR

Sanskirit tsohon harshe ne wanda aka rubuta manyan littattafan addini da na shari'a da na falsafa na ƙasar Indiya da shi. Wani masanin nahawu mai suna Panini ya tsara masa ƙa'idodi kusan 4,000 tun wajen ƙarni na 4 kafin Miladiyya, kuma har yau yana cikin harsuna 22 da tsarin mulkin Indiya ya lissafa. A cikin wannan harshe akwai wani tushen aikatau mai ma'anar ƙetarewa, daga gare shi ne kalmar tirta ta fito. Ma'anarta ta farko ita ce mashigi, watau wurin da ruwan kogi ba shi da zurfi har mutum ko dabba za su iya ratsawa su kai ɗaya gaɓar. Da irin wannan ma'ana kalmar ta zo a cikin Rigbeda, littafin waƙoƙin bauta mafi tsufa a ƙasar, wanda masana ke kintata an tsara shi tsakanin shekara ta 1500 zuwa ta 1200 kafin Miladiyya.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin gulbi da damina, da kaya a kai, yana jiran mai fito, ya san darajar mashigi. Ba ko'ina ake faɗa wa ruwa ba. Akwai inda ƙasa ke da tauri, akwai inda laka ke riƙe ƙafa, akwai kuma gurbin kada. Wurin da magabata suka gwada suka ga ya yi, nan ne hanya ke ɓullowa, nan fatake ke yada zango, nan mata ke wanki, sannu a hankali har kasuwa ta kafu gari ya zauna. Haka abin ya faru a bakin kogunan Indiya.

Sa'an nan sai masu tunani na ƙasar suka ɗauki wannan kalma ta matafiya suka yi misali da ita. Da 'yan Hindu da Jainawa da mabiya Buda, dukansu sun yi imani cewa rai yana zagaye ne tsakanin haihuwa da mutuwa, ya mutu a sake haihuwarsa a wani jiki gwargwadon aikin da ya gabatar. Wannan zagaye suna kiransa samsara, suna kuma kamanta shi da babban ruwa mai wuyar ƙetarewa. Burin mai addini shi ne ya kai ɗaya gaɓar ya kuɓuta, abin da suke kira moksha. To, in rayuwa kogi ce, ina mashiginta yake? A kan amsar wannan tambaya ne hanyoyin biyu suka rabu.

TIRTA A WURIN 'YAN HINDU

Galibin 'yan Hindu in sun ce tirta, wuri suke nufi, kuma mafi yawan waɗannan wurare a bakin ruwa suke. A ganinsu akwai waɗansu wurare a bayan ƙasa inda duniyar mutane da ta alloli suka fi kusantar juna, ta yadda addu'a ke saurin ƙetarawa, wanka kuma ke wanke zunubi. Tafiya zuwa irin wannan wuri ita ce tirta-yatra, watau ziyarar ibada.

A farkon zamani babbar ibadarsu ita ce hadaya ta wuta, wadda ke bukatar malamai masu yawa da shanu da dukiya mai tarin yawa. Littafin Mahabarata, a wani dogon sashe da ya keɓe don ziyarce-ziyarce, ya kawo hujjar cewa irin waɗannan hadayu sai sarakuna da attajirai ke iya yinsu, amma talaka da ba shi da ko anini zai iya taka sayyadarsa zuwa mashigi mai tsarki ya samu lada daidai da nasu ko fiye. Wannan koyarwa ta buɗe ƙofa ga jama'a masu yawa, har da mata da waɗanda tsarin asali na ƙasar ya ajiye a ƙasa. Daga baya littattafan da ake kira Purana suka yi ta lissafa wurare suna bayyana falalar kowanne.

Daga cikin wuraren akwai birane bakwai da suke cewa suna ba da kuɓuta, su ne Ayodhya da Matura da Haridwar da Kashi da Kanchi da Ujjain da Dwarka. Kashi shi ne birnin da aka fi sani da Baranasi ko Banaras, a bakin Kogin Ganga mai tsawon kilomita kusan 2,500. A nan an gina matakalu fiye da 80 masu gangarawa cikin ruwa, inda dubban mutane ke wanka kowace asuba, waɗansu matakalun kuma, kamar ta Manikarnika, an keɓe su don ƙone gawa. Tsofaffi da yawa sukan ƙaura zuwa birnin su jira ajalinsu, domin sun yi imani cewa wanda ya mutu a Kashi, allansu Shiba zai raɗa masa wata kalma a kunne wadda za ta ƙetarar da shi. Sunan wannan kalma taraka, watau mai fito, kuma daga tushe ɗaya take da tirta. Haka nan kalmar abatara, wadda ke nufin saukowar alla Bishnu cikin siffar mutum ko dabba, ita ma daga wannan tushe take, ma'anarta ƙetarowa zuwa ƙasa.

Wurin da suke yi wa kirari da Tirtaraja, watau sarkin mashigai, shi ne Prayag, inda Ganga ta haɗu da Yamuna, suka ce har da wani kogi na uku, Saraswati, wanda ido ba ya gani. Birnin da ke nan shi ne aka daɗe ana kira Allahabad, kafin a mayar da sunansa Prayagraj a 2018. A wannan mahaɗa aka zuba tokar Mahatma Gandhi a watan Fabrairu na 1948. A nan ne kuma ake yin babban taron wanka na Kumbh Mela, wanda ke zagayowa bayan shekara goma sha biyu, kamar yadda ake yinsa a Haridwar da Ujjain da Nashik. Na shekarar 2025 an fara shi ran 13 ga Janairu aka gama ran 26 ga Fabrairu, Gwamnatin Jihar Uttar Pradesh kuwa ta ce adadin masu wanka ya haura miliyan 660. Ran 29 ga Janairu an yi turmutsutsu a bakin ruwa, hukuma ta ce mutum 30 suka rasu. Wannan ya nuna cewa a wurin 'yan Hindu cunkoson jama'a ba ya rage darajar tirta, yawan maziyarta ma shaida ce ta girmansa. Abin da ya fi damun hukuma shi ne tsaro da tsabtar ruwa, shi ya sa aka ƙaddamar da shirin tsabtace Ganga a 1986, aka sake wani mai suna Namami Gange a 2014.

Amma kada mai karatu ya ɗauka malaman Hindu sun tsaya kan ruwa kaɗai. Sun kasa tirta kashi uku. Na farko shi ne kafaffe, watau kogi ko dutse ko gari. Na biyu mai tafiya, watau malami ko mai zuhudu wanda zama da shi ke gyara zuciya. Na uku kuwa na zuci, watau halaye irin su gaskiya da yafiya da tausayi da kame kai. Sashen littafin Skanda Purana da ke magana kan Kashi ya yi gargaɗi cewa mai mugun hali ko ya yi wanka a dukan mashigai bai tsarkaka ba. Ban da wannan, a ɗakunan bauta na Kudancin Indiya, ɗan ruwan da mai kula da ɗaki ke zuba wa mai bauta a tafin hannu ya kurɓa, shi ma tirtam ake ce da shi. Sa'an nan ɗaya daga cikin rukunoni goma na masu zuhudu na Hindu suna ƙara kalmar a ƙarshen sunansu. Shahararren malamin falsafa Madhwa, wanda ya yi zamani a ƙarni na 13, sunansa na zuhudu Ananda Tirta.

Akwai kuma wata ma'ana da za ta ba ma'aikatan Gwamnati sha'awa. A cikin Artashastra, tsohon littafin dabarun mulki da ake danganta shi ga Kautilya, an lissafa manyan ma'aikatan sarki goma sha takwas aka kira su tirta. A cikinsu akwai waziri, da babban malamin fada, da sarkin yaƙi, da yarima mai jiran gado, da sarkin ƙofa, da shugaban masu tara haraji, da ma'aji, da mai tsaron iyaka. Ba abin mamaki ba ne, domin ta wurinsu ne talaka ke bi ya kai ga sarki, ta wurinsu kuma umurnin sarki ke ƙetarowa ya iske talaka. Marubucin bai yarda da su ɗari bisa ɗari ba, har ya shawarci sarki ya sa wa kowannensu 'yan leƙen asiri.

TIRTA A WURIN JAINAWA

Jainawa ba su da yawa. A ƙidayar 2011 an same su kusan miliyan huɗu da rabi, ba su kai kashi ɗaya cikin 100 na mutanen ƙasar ba, kuma a 2014 ne Gwamnatin Tarayya ta ba su matsayin 'yan tsiraru. Sai dai sun yi fice a ilmi da ciniki, addininsu kuma yana cikin mafiya tsufa a ƙasar. Ba su yarda da littattafan Beda ba, ba su kuma yi imani da cewa wani ne ya halicci duniya ba. Tsofaffin littattafansu da harshen Prakrit aka rubuta su, inda kalmar ke zuwa da siffar titta, daga baya suka rungumi Sanskirit.

Manyan malamansu guda 24 ne, kuma kowane ɗaya ana kiransa Tirtankara, watau mai kafa mashigi. Ba sa ɗaukarsa ɗan aike daga sama, ko alla da ya sauko. Mutum ne da ya yi yaƙi da son zuciyarsa har ya yi nasara, shi ya sa ake kiransa Jina, mai nasara, daga nan kuma sunan Jaina ya samo asali. Na farkonsu Rishabanata, na 22 Neminata, na 23 Parshwanata wanda sunansa dutsen Parasnat ya ci, na ƙarshe kuwa Mahabira. Bisa ga lissafin da ya fi yaɗuwa a tsakaninsu, an haifi Mahabira a 599 ya rasu a 527 kafin Miladiyya, ko da yake masana tarihi da dama sun fi karkata ga cewa ya ɗan yi baya da haka, zamani ɗaya da Buda. Ɗan gidan sarauta ne daga kusa da Baishali a Jihar Bihar ta yanzu. Ya bar gida yana da shekara 30, ya yi shekara goma sha biyu da rabi yana yawo da azumi da shiru, sa'an nan, a cewarsu, ya samu cikakken sani, ya yi shekara 30 yana koyarwa, ya rasu a Pawapuri yana da shekara 72.

To, wane mashigi ne Tirtankara ke kafawa? A nan ne muhimmin bambancin yake. Mashigin shi ne koyarwarsa da kuma jama'ar da ke riƙe da ita, wadda ta kasu huɗu: maza masu zuhudu, mata masu zuhudu, magidanta maza, da matan gida. Wannan jama'a mai rukuni huɗu ita ce tirta ta asali a wurin Jainawa. Littafin Kalpa Sutra ya ce Mahabira ya bar maza masu zuhudu 14,000 da mata 36,000, da magidanta maza 159,000 da mata 318,000. Ko ba a ɗauki waɗannan alƙaluma a matsayin ƙidaya ba, abin lura shi ne mata sun fi yawa a kowane ɓangare, kuma har yau mata masu zuhudu sun fi maza yawa a cikinsu. Ɗarikar Shwetambara, masu fararen tufafi, sun ruwaito cewa Tirtankara kansa kafin ya fara wa'azi yakan gai da tirta, watau ya girmama jama'ar. Su ne kuma suka ce Malli, Tirtankara na 19, mace ce, alhali kuwa ɗarikar Digambara, waɗanda manyan masu zuhudunsu ke tafiya ba tufafi, sun ce namiji ne.

Game da wanka a kogi kuwa, Jainawa sun soke shi tun farko. Littafinsu na Sutrakritanga ya yi ba'a da cewa in da taɓa ruwa ke kawo kuɓuta, da kifaye da kunkuru sun riga kowa kuɓuta. Malamin Digambara mai suna Samantabadra ya sa wankan neman lada a kogi ko teku cikin jerin wautar jama'a. Dalilinsu biyu ne. Na farko, a ganinsu karma, watau sakamakon aiki, wani abu ne mai kama da ƙura mai laushi ƙwarai wadda ke manne wa rai duk lokacin da mutum ya yi fushi ko girman kai ko yaudara ko kwaɗayi. Ruwa ba ya kai wa ga wannan ƙura, sai azumi da kame kai ke kakkaɓe ta. Na biyu, sun ce ruwa da ƙasa da iska da wuta da tsirrai duk suna ɗauke da rayuka, babbar dokarsu kuwa ita ce ahimsa, watau kada a cuci mai rai. Saboda haka suke tace ruwa kafin su sha, ba sa cin nama, da yawansu ba sa cin abinci bayan faɗuwar rana, masu zuhudu kuma ba sa wanka irin na sauran mutane. Abin sha'awa shi ne a bakin wani kogi mai suna Rijupalika ne suka ce Mahabira ya samu cikakken sani, amma a tsugune yake ƙarƙashin itace cikin azumi, bai shiga ruwan ba.

ME YA KAI SU DUWATSU?

Duk da haka Jainawa su ma suna da wuraren ziyara, suna kuma kiransu tirta. Sai dai darajar wurin ba daga ruwansa ko ƙasarsa take ba, daga abin da wani mai nasara ya aikata ne a wurin. Suna girmama lokuta biyar a rayuwar kowane Tirtankara, watau shigarsa ciki, haihuwarsa, barinsa gida, samun sani, da kuɓutarsa ta ƙarshe. Duk inda ɗaya daga cikin waɗannan ya faru ya zama wurin tunawa. Maziyarci ba ya zuwa roƙon Tirtankara wata bukata, domin a aƙidarsu wanda ya kuɓuta ya rabu da harkar duniya ke nan, ba ya bayarwa ba ya hanawa. Yana zuwa ne ya ga sawun wanda ya riga shi ƙetarewa, ya ƙarfafa niyyarsa ta bin baya.

Yawancin waɗannan wurare a kan duwatsu suke. A Jihar Gujarat akwai Shatrunjaya kusa da garin Palitana, dutse mai ɗakunan bauta fiye da 800, wanda ake hawansa ta matakala fiye da 3,000, kuma maziyarta ba sa kwana a samansa, da yamma sai a sauko. Akwai Girnar inda suka ce Neminata ya kuɓuta. Amma babu kamar Parasnat, domin a cewarsu 20 daga cikin Tirtankara 24 a kansa suka kuɓuta. Shi ne dutse mafi tsawo a Jharkhand, ya haura mita 1,300. Maziyarci yakan tashi daga garin Madhuban da ke gindinsa tun kafin asuba, ya hau, ya zagaya ƙananan ɗakunan da aka gina a kan ƙololuwa daban-daban, waɗanda galibi zanen sawu ne kurum a cikinsu, ya sauko, tafiyar kilomita kusan 27. Da yawa ba takalmi suke yinta, waɗansu kuma da azumi a bakinsu.

Yanzu mai karatu zai gane abin da ya tayar da hankalinsu. Wahalar hawan da shirun wurin da kiyaye ran kowane ƙwaro, su ne ibadar kanta. In aka kawo motoci da otal-otal da masu shaƙatawa da nama da giya, dutsen yana nan amma mashigin ya cike. Gyaran da zai yi wa maziyarcin Kumbh Mela daɗi shi ne ɓarna a wurin maziyarcin Parasnat. Akwai ma waɗansu ƙungiyoyin Jainawa, kamar Stanakwasi da kuma Terapant ta Shwetambara wadda Acharya Bikshu ya kafa a 1760, da suka bar bauta a gaban siffofi gaba ɗaya, suka ce ziyartar malami mai rai ita ce ziyarar tirta.

INDA AKA HAƊU DA INDA AKA RABU

Addinan biyu sun zauna tare fiye da shekara 2,000, saboda haka wurarensu sun sarƙe da juna. Baranasi, birnin Shiba, shi ne kuma garin da Jainawa suka ce an haifi Parshwanata. Ayodhya, garin Rama a wurin 'yan Hindu, shi ne mahaifar Rishabanata a wurin Jainawa. Daren Diwali da 'yan Hindu ke kunna fitilu, Jainawa ma suna kunnawa, amma su suna tuna kuɓutar Mahabira ne. A mafi yawan lokaci an zauna lafiya, har da auratayya tsakanin iyalan 'yan kasuwa. Amma a kan wata ƙololuwa ta Girnar akwai zanen sawu wanda Jainawa suka ce na Neminata ne, 'yan Hindu kuma suka ce na Dattatreya ne, maganar har ta kai gaban kotu. Mabiya Buda su ma sun taɓa kalmar, sai dai su zagi suka mai da ita, domin tirtika suke kiran malaman da ba na hanyarsu ba.

Sarakunan da suka mulki Indiya sun san nauyin wannan al'amari. A ƙarni na 14 wani malamin Jaina, Jinaprabha Suri, wanda ya samu karɓuwa a fadar Sultan Muhammad bin Tughluk na Delhi, ya rubuta littafi mai suna Bibidha Tirta Kalpa yana bayyana wuraren ziyararsu ɗaya bayan ɗaya. Sarki Akbar ya soke harajin da ake karɓa daga maziyarta 'yan Hindu a 1563, daga baya kuma ya gayyaci malamin Jaina Hirabijaya Suri fadarsa, ya saurare shi, ya ba da umurnin hana yanka dabbobi a waɗansu ranaku masu daraja a wurinsu. Abin lura a nan shi ne kowane ɓangare an ba shi abin da ya dace da fahimtarsa.

DARASI GA MAI RIƘE DA ALƘALAMI

Mu koma kan dutsen da muka fara da shi. A watan Agusta na 2019 ne Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta fitar da sanarwar kare dajin da ke kewaye da Parasnat, wadda a cikinta aka ba da damar yawon buɗe ido, Gwamnatin Jharkhand kuma ta sa wurin cikin shirinta na jawo baƙi. Umurnin 5 ga Janairu na 2023 ya kwantar da hankalin Jainawa, amma sai wata murya ta uku ta ɗago. Ƙabilar Santal, waɗanda ke zaune a yankin tun kaka da kakanni, suka fito suka ce dutsen nasu ne, sunansa Marang Buru, watau babban dutse, shi ne mazaunin babban abin bautarsu, kuma al'adarsu ce su yi farautar gayya a dajinsa sau ɗaya a shekara. Ga masu tsoron taka tururuwa, ga masu farauta don raya al'ada, duk a kan dutse ɗaya. Kwamitin sa ido da aka ce a kafa an tanadi kujera biyu a cikinsa don Jainawa da ɗaya don ƙabilun yankin. A watan Mayu na 2025 Babbar Kotun Jharkhand ta umurci Gwamnatin Jihar ta tabbatar da hana nama da giya a kan dutsen, abin da bai yi wa Santal daɗi ba.

Ɗalibin da ya buɗe ƙamus zai ga an fassara tirta da wuri mai tsarki, ya rufe ya ɗauka ya gama. Amma mun ga cewa a bakin ɗan Hindu kalmar tana iya zama kogi ko gari ko malami ko kurɓin ruwa ko ma ma'ajin sarki, a bakin mabiyin Jaina kuwa tana nufin koyarwa da jama'a tukuna, kafin ta kai ga dutse. Wanda ya haɗa su cikin fassara ɗaya ya yi asarar rabin ilmin.

Shi kuwa ma'aikaci, hatsarinsa ya fi na ɗalibi, domin kalmar da ya zaɓa a ofis ita ce za ta shiga Gazet ta zama doka a kan mutanen da bai taɓa gani ba. Waɗanda suka rubuta wurin yawon buɗe ido ba lalle ne suna da mugun nufi ba, mai yiwuwa ma alheri suka nufa. Abin da ya kamata a yi tun farko shi ne a je gindin dutsen a tambayi masu hawansa da masu zama kewaye da shi, me kuke kiran wannan wuri, me kuma kuke nufi da sunan? Da an yi haka a 2019, da wataƙila ba a kai ga abin da aka gani a 2023 ba. Kautilya ya kira ma'aikacin sarki mashigi, mai fito kuwa ba ya tura jirgi sai ya san zurfin ruwa. Hausawa dai sun ce matambayi ba ya ɓata.